Gidan da Mahaifiyata Ta Tsallake

Shekarun baya, tun waya ba ta iya ɗaukar hoto da murya ba, tun ana zuwa siber, wato shagon intanet, a zauna jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran tuwo ya nuna, na taɓa ƙoƙarin ceto kasuwar mahaifiyata da wasiƙar imel. Na ce ƙoƙari, domin abin da ya biyo baya ba ni na tsara shi ba. Ni dai na riƙe biro.

A Zangouettin aka haife ni, wato tsohon Zangon Wagadugu, kafin a rushe shi. Mahaifiyata 'yar Kano ce, aure ya kawo ta Waga, ta shekara kusan arba'in a unguwar. Sana'arta zane: atamfa, shadda, leshi da mayafai. Ba ta da shago a lokacin. Ƙunshi take yi ta ɗora a ka, ta bi gida gida daga Asabar zuwa Alhamis, kowace rana da layinta. Mata su baje kayan a tsakar gida, a yi ciniki ana tankaɗe ko ana tsifar kai. Idan biki ya taso, ita ake ba anko.

Da gwamnati ta rushe unguwar don sabon tsarin gari, mutane suka watse kamar tantabarun da aka jefa wa dutse. Wasu aka ba su fili can bayan gari, wasu suka kama haya inda suka samu, wasu suka bi 'ya'yansu Bobo, Kumasi, Abijan ko Yamai. Mu muka kama haya a unguwar Wemtenga. Ba a yi shekara biyu ba mahaifina ya rasu.

Bayan takaba mahaifiyata ta samu rumfa a kasuwar Sankaryaaré. Kasuwa ce mai cika, amma cikar ba tata ba ce. Mai wucewa zai taɓa zane, ya tambayi farashi da yaren Mosawa ko da Faransanci, ya ce zai dawo. Matan da suka san hannunta, ita kuma ta san launin da kowace ba ta so, ba ta san inda rabinsu suke kwana ba. Wuni take yi tana ninke zanen da ba wanda ya warware.

Tana da yaya a Kano, kawuna, shi ma yadi yake sayarwa. Duk Juma'a sai ya kira ta, kuma maganarsa ɗaya ce: miji ya rasu, unguwa ta tafi, me take gadi a ƙasar mutane? Ta daɗe tana kaucewa. Wata rana ina rumfar tana jera mayafai, ba ta ko dube ni ba ta ce, “Na ce wa kawunka ya zo bayan Babbar Sallah. In kasuwa ba ta ce komai ba kafin layya, zan bi shi.”

Saura wata huɗu. Aikina a Waga yake, matata da 'ya'yana a Waga suke. In ta tafi, sai dai in riƙa ganinta sau ɗaya a shekara, in Allah ya sa hanya ta yi kyau.

A lokacin ina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo. An koya mini cewa jimla ba ta wuce numfashi ɗaya, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ke zuwa farko. Ina ji da wannan horo fiye da kima. A wani kwas da aka yi mana, mai koyarwar ya ambaci cewa a wasu ƙasashe 'yan kasuwa kan riƙe abokan cinikinsu da wasiƙar imel da suke aikawa duk wata. Sauran suka rubuta a takarda suka manta. Ni kuwa na ga kamar an miƙo mini maganin ciwonmu.

Matsalar ita ce, matan Zango ba su da imel. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna da shi, waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko. Sai na shiga farauta. Masallacin Juma'a, wurin suna, wurin gaisuwar mutuwa, duk inda na hango ɗan Zango sai in tare shi da ɗan littafina. Cikin mako uku na tara adireshi talatin da huɗu. Na jera su bisa haruffa, A zuwa Z, tsaf, na zauna ina kallonsu ina jin daɗin kaina.

Ina da aboki da muka yi aji ɗaya tun muna yara, yana da siber a Wemtenga: kwamfuta shida, fanka ɗaya. Hausarsa kamar rigar da aka yi wa faci da Faransanci take. Can na je na rubuta wasiƙa ta farko, layi shida cif. Sanarwa ga abokan ciniki, sabbin kaya sun iso, ga wurin da rumfa take, ga hotuna huɗu. Ba gaisuwa mai tsawo, ba ɓata lokaci. Abokina ya fita sallar azahar, ni kuma na kwashe adireshin duka na zuba a layin sama, na aika.

Da ya dawo ya leƙa allon, sai ya dafe kai.

“Kai, ɗan jarida! Ina ka zuba adireshin?”

“Inda aka ce a zuba.”

“Lahaula. Ka ga wancan layin na ƙasa? Nan ake sa su, kowa ya ga nasa shi kaɗai. Kai yanzu ka tsaya tsakiyar kasuwa ka kira sunan kowa da lasifika. C'est grave, abin ya yi muni, mutumina.”

“To a dawo da ita mana.”

“A dawo da ita? Kai da kake rediyo, ka taɓa dawo da maganar da ta fita?”

Na koma gida ina jiran a kira ni a zage ni kan na tona adireshin mutane. Ba wanda ya kira. Ba wanda kuma ya nemi zane ko ƙyalle ɗaya. Abin da ya zo, ta wata ƙofa ya shigo.

Ranar Asabar ina rumfar, sai ga wata dattijuwa an sauke ta daga bayan babur. Ƙanwar matar limamin Zango ce. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, aka sha ruwa. Sannan ta buɗe jaka ta fito da takarda a ninke. Wasiƙata ce. Jikan liman ya buga ta a takarda ya kai gida, ya karanta wa mata tun daga saman shafi, suna bayan suna, bai tsallake komai ba.

“Hajiya ce ta aiko ni,” in ji ta. “Ta ce a gaishe ki. Ta ce kuma a tambaye ki ko ta yi miki wani laifi ne da ba ta sani ba.”

Mahaifiyata ta ce, “Subhanallahi. Laifin me?”

“Gidan liman ne na ashirin da bakwai a jerin sunayen. Sau biyu ta sa aka ƙirga mata. Ɗan mai facin keke shi ne na farko.”

A Zango, goron suna ko na ɗaurin aure gidan liman ake fara kaiwa, sai gidan mai unguwa, sannan a bi layi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba wanda bai sani ba. Ni kaina na raba goro a haka. Abin da bai taɓa zo mini a rai ba shi ne, za a ɗauki jerin sunaye a saman imel a karanta shi kamar rabon goro.

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana. Ta juyo a hankali.

“Kai wannan. Wa ya jera mutane?”

“Inna, ba ni na zaɓa ba. Bisa haruffa ne.”

“Haruffan wa?”

“Na boko. A, B, C.”

“Su A, B, C ɗin nan, a wane gida aka haife su a Zango?”

Dattijuwar ta rufe baki da mayafi. Na ce abin mai sauƙi ne, a wasiƙa ta gaba zan ɓoye sunayen, ba wanda zai ga na wani. Mahaifiyata ta ce wasiƙar da ba a san wa da wa aka aika wa ba, ai tsegumi ce. Ta ba baƙuwar haƙuri, ta ɗaure mata mayafi ta kai wa Hajiya, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta ce da ni, “Gobe ka kai ni wurin injin.”

Da hantsin Lahadi na ɗauko ta. Ba ta taɓa shiga siber ba. Abokina ya miƙe da sauri ya goge mata kujerar roba da hannun rigarsa.

“Sannu da zuwa, Inna.”

“Yawwa. Kai ne mai ɗakin da ake ɓata mutane da iyayensu?”

“Wallahi Inna ba ni ba ne, ɗanki ne. Ni ina masallaci.”

Ya zauna ya yi mata bayani a natse, cewa adireshin imel kamar makullin ɗaki yake, ba a raba wa jama'a makullin mutum ba da izninsa ba. Ta saurara har ya gama. Ta ce ta yarda, makulli a ɓoye shi, amma gida ba a ɓoye shi. Aka tsaya a kan haka: adireshi a ɓoye, gidaje kuma a rubuta su a cikin wasiƙar kanta, kowane a muhallinsa, a gefensa a sa inda mutanen gidan suke yanzu.

Na buɗe littafina zan fara karanto mata talatin da huɗun nan ta gyara jerin. Ta ce in rufe. Ta gyara zama, ta lumshe ido, ta ɗaga hannun dama ta dafa saman kanta, yadda take tallafe ƙunshin zane in za ta tsallake kwata.

“Asabar,” in ji ta. “Mun fito ƙofar masallaci, mun yi dama. Gidan liman. Salamu alaikum.”

Na rubuta. Ta ci gaba.

“Gidan mai unguwa, ƙofa biyu, ta mata ce ta baya. Salamu alaikum. Tsallake kwata. Gidan 'yan goro, 'yan'uwa uku da iyalansu, suna Bobo yanzu. Gidan Yarabawa masu burodi.”

“Inna, ba ni da adireshinsu.”

“Na tambaye ka adireshi? Rubuta gidan.”

“A gefe in sa me?”

“Sa ba mu san inda suke ba.”

Haka muka tafi. A kowace ƙofa sai ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta ɗan dakata kamar mai jiran a amsa, sannan ta faɗi gidan. Ta bi lungun rijiya, ta fito ta gindin dogon yaro, ta ratsa gidan Mosawa masaƙa wanda ake shiga ta gaba a fita ta baya. Ta san inda ake sunkuyawa saboda ƙofa gajera ce. Ta san gidan da ba a shiga kafin la'asar don maigidan direban dare ne yana barci. Ta gama Asabar ta shiga Lahadi, ta gama Lahadi ta shiga Litinin. Ko sau ɗaya ba ta ce “a'a, koma baya” ba.

Wajen layin Talata na lura ɗakin ya yi tsit. Ɗaliban da ke sauran kwamfutocin sun daina buge-buge, sun juyo da kujerunsu. Yawancinsu ba sa jin Hausa. Abin da suke gani shi ne tsohuwa ido rufe, hannu a ka, tana sallama a ƙofofin da babu su. Abokina yana tsaye jikin bango, ya kashe rediyonsa ba tare da kowa ya ce ya kashe ba.

Awa biyu da 'yan mintoci muka yi. Da ta kai gidan ƙarshe na ranar Alhamis ta sauke hannu, ta buɗe ido, ta nemi ruwa. Na ƙirga abin da na rubuta: gida ɗari da goma sha uku. Ni da nake taƙama da cewa ba na kuskuren suna a labarai, sai da takarda a gabana nake iya hakan. Ita kuwa unguwa guda da katafila ta baje, tana nan a kanta, ƙofa bayan ƙofa, ba a taɓa ko bulo ɗaya ba. Shekara talatin da wani abu ina ganin matar nan tana fita da ƙunshi tana dawowa, ban taɓa tambayar kaina me kuma take ɗauke da shi ba.

Sai aka zo maganar kaya. A saman wasiƙar ta sa na rubuta gaisuwa, da ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun bayan watsewa, da barkar waɗanda aka haifa. Na ce to ina hotuna da farashi? Ta ce ba a faɗin kuɗin zane a bainar jama'a, kowace mace da yadda ake magana da ita. Na ce ai don kaya muka yi wasiƙar, abu mafi muhimmanci shi ke zuwa farko. Ta ce shi ya sa aka fara da mutane. A can ƙasa, bayan gida na ɗari da goma sha uku, ta yarda na sa layi ɗaya: “Kaya sun zo. Wadda ta zo ta gani.”

Muka aika. Kwana uku shiru. Sau biyu nake zuwa siber a rana, abokina yana yi mini kirari da “mai jiran gawon shanu”. A rana ta biyar na buɗe akwatin na tarar da amsa tara. Washegari goma sha huɗu. Yawancinsu daga mutanen da ban taɓa aika wa komai ba, domin wasiƙar ta riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu, wannan ya tura wa ɗan'uwansa, wancan ya buga a takarda ya ba direban motar Bobo.

Wani ya rubuto daga Abijan cewa su ne masu burodi, suna nan lafiya, tsohuwarsu ta sa an karanta mata layin Asabar sau uku. Wata ta rubuto daga Jidda tana tambayar ko mai unguwa yana raye. Wani daga Italiya, da Hausar da Faransanci ya cinye rabinta, ya ce yana karantawa a wurin aiki sai da ya fita waje. Kusan kowace amsa tana ɗauke da cikon wani gurbi: gidan da kuka ce ba ku san inda suke ba, suna wuri kaza, ga adireshin ɗansu. Kowace yamma bayan la'asar in kai wa mahaifiyata takardun a rumfa in karanta mata, ita kuma ta ce, “Goge ba mu sani ba. Sa Yamai.”

Da yake adireshin a ɓoye suke, duk mai neman wani sai ya biyo ta kanmu. Na nesa su rubuto, na cikin Waga kuwa su zo rumfa da ƙafarsu. Mace kuma ba ta ratso gari tun daga bayan filin jirgi ta zauna ta sha hira ta tashi hannu biyu. Ko mayafi ne sai ta ɗauka. Wasiƙar wata na biyu ta tafi wa adireshi tamanin da wani abu. A cikinta aka sanar da auren 'yar gidan 'yan goro a Bobo, kuma uwar amarya ta ce ba wanda zai fitar mata da anko sai wadda ta fitar da nata. Zane ɗaya, mata a gari huɗu, muka riƙa kai ƙunshi tasha. Matar liman ma ta zo da kanta, ta zauna a kan benci ta ce, “Na ga an mayar da ni ƙofar masallaci.”

Ba zan ce kasuwa ta koma yadda take a Zango ba. Ba ta koma ba. Amma ta yi magana, kowa ya ji. Sai dai mahaifiyata ba ta ce uffan kan tafiya Kano ba. Da na gaji na tambaye ta, ta ce, “Alƙawari na yi wa yayana.” A makon ne ta ba matata babbar tukunyarta ta biki, ta ce ta ajiye. Na gane abin da hakan ke nufi, na kuma rasa abin da zan ƙara yi. Dabarata ta yi aiki, kuma ga alama ba ta isa ba.

Ana saura mako guda Sallah wata amsa ta zo daga Kumasi. Daga tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita a Zango ce, jikarta ta rubuta mata. Bayan gaisuwa ta ce: “An karanta mini wasiƙunku biyu masu jerin gidaje. Duk gidajen suna nan daidai, amma kun tsallake ɗaya. A layin Laraba, tsakanin gidan tela da gidana, akwai gida mai shuɗiyar ƙofa. Matar gidan tana sayar da zane. Ku nemo mana inda take.”

Na koma na duba jerin. Gaskiyarta. Wasiƙa biyu masu jerin sun fita, ni na buga su da hannuna, na karanta su na sake karantawa don kada a samu kuskure, ban lura gidan da aka haife ni ba ya ciki ba.

Na kai wa mahaifiyata na karanta mata. Ta yi dariya kaɗan ta ce mai talla ba ta sallama a gidansu. Daga nan ta shiga shafa gefen wata shadda. Na ce wasiƙa ta gaba za ta fita bayan Sallah, dole a sa gidan, kuma kowane gida da inda mutanensa suke a gefensa. Me zan rubuta a gefen namu?

“Bari tukuna,” in ji ta.

Kawuna ya iso kwana uku bayan Sallah, ya riga ya yanki tikiti biyu na komawa. Mutum ne mai fara'a da son ƙanwarsa, ba da faɗa ya zo ba. Ranar Alhamis ya ce zai bi mu kasuwa ya ga kayan da za a kwashe. Ya zauna a kan benci da carbinsa. Kafin azahar mata sun zo sun fi goma, wasu gaisuwar Sallah, wasu karɓar saƙo, wata ta zo da hoton jikanta a kai wa masu burodi labari. Suna ta tsokanarsa, wai Bakano ya zo satar musu uwa. Shi kuma yana cewa kayansa ya zo ɗauka, aro ya ba su.

Mun manna jerin gidajen a jikin ginshiƙin rumfa, cikin leda saboda ruwa. Duk wadda ta zo sai ta sa an nuna mata layin gidansu ta ɗora yatsa. Da aka ɗan sarara kawuna ya tashi, ya sa tabarau, ya bi takardar daga sama har ƙasa. Ya taɓa zuwa Zango sau biyu, ya san ƙofarmu.

“Ina naku?” ya tambaya.

Mahaifiyata ta ce, “Ba a sa ba tukuna, Yaya.”

“Me ake jira?”

“Kai ake jira.”

Ya cire tabarau ya koma ya zauna. Ya ce shi dai alƙawari ya zo cikawa. Ɗaki yana can an gyara mata, jikokinsa suna ɗokin ganinta, ba za ta ƙara zaman rana a kasuwa ba.

Ta ce, “Yaya, a Kano wa zai zo ya tambaye ni inda wance take?”

“Ba kowa. Hutawa za ki yi.”

“Abin da nake tsoro ke nan.”

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ɗago ya dube ta, ya ce ita ta san abin da ya fi mata, shi ba zai ɗauki mutum daga inda ake nemansa ya kai shi inda za a ajiye shi ba. Ta sunkuyar da kai ta yi masa godiya. Sannan ta juyo wajena.

“Kai wannan, kana da biro? Layin Laraba, tsakanin gidan tela da gidan Hajiya ta Kumasi. Rubuta gidanmu. Sa muna Wemtenga, rumfa tana Sankaryaaré.”

Na rubuta a takardar da ke jikin ginshiƙin. Kawuna ya leƙo ya ga abin da na sa.

“Ƙara cewa tana da yaya a Kano,” in ji shi, “in wani ya tashi neman yadi a sari.”

Ranar Asabar muka raka shi tasha shi kaɗai.

Na sha ba matasa wannan labari idan suka tambaye ni yadda ake tara abokan ciniki ta imel, kuma nakan ga kamar ba abin da suke son ji ba ne. Suna son in faɗa musu ranar da ta fi kyau a aika, da irin kan maganar da ke sa a buɗe. Na san waɗannan, na koya daga baya, suna da amfaninsu. Amma abin da na gani da idona shi ne, na tara adireshi talatin da huɗu ina ganin na tara mutane, alhali ita mutanen ta sani, adireshin kuma suka biyo su da kansu. Ban ƙara mata abokin ciniki ko ɗaya ba. Hanya kawai na buɗe, waɗanda suke nata tun asali suka bi ta suka dawo.

Mahaifiyata tana nan a Wemtenga, ƙafa ta hana ta zuwa kasuwa, ƙanwata ce a rumfar. Yawancin hirar ta koma waya, amma wasiƙar tana fita duk wata, da jerin gidajen a cikinta. Adireshi goma sha ɗaya sun daina karɓa, wasu masu su sun rasu, wasu sun canza ba su faɗa ba. Duk wata saƙonsu sai ya dawo mini. Abokina ya ce ƙa'idar aikin ita ce a goge irin waɗannan, kuma gaskiyarsa. Na taɓa faɗa mata haka. Ta ce in ka yi sallama ba a amsa ba, ba ka rushe gidan, sai ka dawo wani makon. Ban goge ba.